ME SUKA CI? TAMBAYAR DA TA KUNYATA NI A GABAN MARUBUTA

Wannan karon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma zan fara da tona wa kaina asiri, don kada wani ya ce na zo yi wa mutane faɗa a kan laifin da ni ma ban tsira daga gare shi ba.

Watannin baya, a zaman karatu na ƙungiyarmu, na karanta wani gajeren labari da na kwashe mako uku ina gyarawa. A ciki, jarumin ɗan wani hamshaƙin attajiri ne, ya ɗauki amaryarsa zuwa Faransa cin amarci. Na zaunar da su a wani gidan abinci a bakin teku, a birnin Marsey. Dalilin zaɓen garin bai wuce ƙwallo ba, don na san sunan ne ta kan ƙungiyarsu wadda Taye Taiwo ya daɗe yana buga wa. Na rubuta cewa an cika musu tebur da abinci na alfarma kala-kala, ƙamshi ya gauraye ko'ina. Da na kai aya aka ɗan yi tafi, ni kuwa sai hura hanci nake.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, ba mai yawan magana ba. Ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ɗana, me suka ci?"

Na ce, "Baba, abinci ne na alfarma."

Ya ce, "Na ji wannan. Mene ne a cikin farantin?"

Na ce, "Kifi."

Ya ce, "Wane kifi? Soya shi aka yi ko dafawa? Ita amaryar da ka ce ba ta taɓa wuce Zariya ba, da ta kai loma, yaya ta ji?"

Shiru kamar ruwa ya cinye ni. Sai ya ce, "To, mu bar Faransa. Da a ce motarsu ta lalace a garinku Tarai, ranar kasuwa, yunwa ta kama su, me za su ci?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce in da hantsi ne, ga waina tana fitowa daga tanda, gefenta ya yi ƙanzo, a zuba mata miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli. In rana ta take, su nemi inuwar da Fulani suke sauke ƙwarya, a dama musu fura, su gaya wa mai damun ko da gaya suke so ko a dama ta lilis. In suna son abin da zai riƙe ciki, ga ɗan wake da man gyaɗa da yaji. In la'asar ta yi sanyi, hayaƙin tukuba zai kira su da kansa. Na fi minti goma ina zuba, har da yadda ake gane nonon da aka tsuga wa ruwa. Da na tsagaita, Baba ya ce, "Ka gani? Rumbunka cike yake, ka tafi bara ƙofar wanda bai san ka ba."

Haushin wannan rana ne ya sa na zauna na karanci garin da na yi wa karambani. Ban taɓa taka Faransa ba, ko fasfo ba ni da shi, a karatu na samo abin da zan faɗa. Amma abin da na samo ya ƙara mini kunya a kan wadda na sha, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi nan.

MIYAR DA TA ZAMA SUNAN GARI

Marsey ita ce birni na biyu a yawan jama'a a Faransa bayan Paris. Tana bakin tekun Bahar Rum, kuma Girkawa ne suka kafa ta wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da yake tashar jiragen ruwa ce, babu irin mutanen da ba su zuba a cikinta ba: Italiyawa, Armeniyawa, mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko, mutanen tsibiran Kwamoros, har da na Afirka ta Yamma. Usman Sembene na Senegal, kafin ya zama marubuci kuma mai shirya fim, dako ya yi a wannan tasha, kuma daga rayuwar 'yan dakon ya ciro littafinsa na farko a 1956.

Abincin da garin ya yi suna da shi ana ce masa buyabes. Da na ga sunan na ɗauka wani abu ne da aka ƙirƙira a fadar sarakuna. Ashe romon masunta ne. In masunci ya dawo daga teku, ya sayar da kifin da ke da kasuwa, sai a bar shi da ƙananan kifayen duwatsu masu ƙaya da munin gani, waɗanda babu mai taya su. Su ne yake zubawa a tukunya da albasa da tafarnuwa da abin da ya samu, ya dafa wa iyalinsa. Sunan ma ba shi da wani kwarjini. A harshen mutanen yankin, ma'anarsa ita ce a tafasa sannan a rage wuta, umarnin da kowace uwa take ba 'yarta a bakin murhu.

Yau wannan romon na kwantai shi ne abin da baƙi ke tsallako ƙasashe su zo ci. Ana haɗa shi da man zaitun da tumatir da za'afaran. Ana fara kawo romon shi kaɗai, da yankakken burodi da wani kirɓaɓɓen haɗi na tafarnuwa da barkono, sannan a kawo kifin daban, a rarraba shi a gaban mai ci. Da wasu suka fara sayar wa baƙi kowane irin ruwan kifi da sunan buyabes, sai masu gidajen abinci na garin suka haɗu a 1980, suka rubuta yarjejeniya, suka lissafa irin kifayen da ake sakawa, suka ce sai an haɗa aƙalla iri huɗu daga ciki kafin a kira shi da wannan suna. A manyan gidajen abincin, kwanon mutum ɗaya yakan haura Yuro 50.

Ku lura, ba su jefar da abincin talakansu sun ari na wani ba. Zama suka yi suka ba shi suna, suka ba shi ƙa'ida, suka yi ta faɗinsa har duniya ta ji. Kuma marubuta na da hannu a ciki. Akwai wani ɗan garin, Jean-Claude Izzo, wanda ya rubuta littattafai uku na binciken laifi daga 1995. Jaruminsa ɗan sanda ne, ana kisa ana bin sawu, amma masu karatu da yawa abin da suke tunawa shi ne inda yake zama ya ci, da abin da ke cikin farantinsa, da tsohuwar maƙwabciyarsa da ke yi masa girki. Ni kuwa da na zaunar da mutum biyu a garin nan, na kasa faɗin ko sunan kifi ɗaya.

NAMU YA YI NISA, MU NE BA MU SANI BA

Kafin wani ya ce ai su Turawa ne, komai nasu da gata, bari mu dubi namu.

A Gana, ɗaya daga cikin abincin da aka fi rububi da safe shi ne wanda suke rubutawa waakye. Kalmar "wake" ce tamu, daga shinkafa da wake, wadda mu Kanawa muke ce wa garau-garau muna ɗan raina ta. A titunan Akara ana sayar da koko da sunan kokon Hausa, tare da ƙosai. A arewacin ƙasar suna da tuwon zafi, sunan bai ko canza ba. Fatakenmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da mutanen zango da suka zauna a can, su suka tafi da tukwanensu. Tsire ya game Nijeriya da Kamaru da sunan suya, har babban ƙamusun Ingilishi na Oxford ya shigar da kalmar. A Sudan ana cin agashe, kuma Hausawan can aka sani da shi. 'Yan uwanmu na Nijar sun kai kilishinsu da albasar Galmi an yi musu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, don a san cewa sunan na da masu shi. Hukumar UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa a jerin al'adun duniya a 2010, ta sa kuskus na arewacin Afirka a 2020, ta sa dafa-dukar kifi ta Senegal a 2021.

A cikin gida ma kowane gari da abin da aka san shi da shi. Gurasa sai Jakara, kilishi a Kano sai Agadasawa, masa sai Bauci, fate sai Zazzau, hoce sai an nufi Zamfara da Sakkwato, burabusko da sinasir sai Barno. Mu nan kudancin Kano, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Audu Baƙo, cimar yankin ta canza. Ruwan ya shayar da Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir da alkama suka wadata, ga tarwaɗa da karfasa daga dam. Labarin yadda ruwa ɗaya ya canza tukunyar garuruwa da dama, wa ya rubuta shi?

Yanzu ku buɗe littattafan da muke turawa a waya, nawa da naku. Mai kuɗi in zai ci, sai shawarma da fiza da soyayyen dankalin Turawa da kaza, a Dubai ko a wani otal na Abuja. Tuwo kuwa ba ya fitowa sai in ana son nuna cewa gidan su jaruma babu. Da ka ga miyar kuka a shafi, ka san kishiyar uwa na nan kusa, kuma hawaye na tafe. Mun mai da abincin da ya raine mu tambarin wahala. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta karanta irin wannan sau hamsin, me muka koya mata game da kwanon da mahaifiyarta ke miƙo mata da daddare? Ni wannan ne ya fi damuna, fiye da maganar iya rubutu.

MU MA MUNA DA CIN WAJE

Wani zai ce ai Bahaushe ba shi da al'adar fita cin abinci, dole in marubuci na son haɗa saurayi da budurwa a kan tebur ya ari wurin wasu. Gaskiya ne ba mu saba da miji ya riƙo hannun mata su tafi gidan abinci ba. Amma cin waje kam muna da shi, sai dai irin namu ne.

Akwai ciyayya. Bayan magariba ko isha kowane magidanci a fito masa da kwano ƙofar gida, a haɗu a dakali ɗaya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. A nan ake sanin gidan da ya yi cefane da wanda bai yi ba, ba tare da kowa ya furta ba. A nan mai shi yake rufa wa maras shi asiri, a tura masa kwano mai nama kamar ba da gangan ba. Akwai teburin mai shayi, majalisar da ake naɗa gwamna a sauke shi kafin ruwa ya tafasa, inda littafin bashi ya fi kowa sanin halin samarin unguwa. Akwai rumfar mai tuwo a tasha, inda direba da kwandasta da baƙon da dare ya yi wa suke wanke hannu a roba ɗaya. A da can akwai gidan fatoma, mai saukar fatake ya ciyar da su. Akwai kuma 'yar talla da farantin alala a ka, wadda ta san cewa in ta koma da kwantai akwai magana.

Kunyar da ke tattare da cin waje ma labari ce mai zaman kanta. A gari irin namu, in aka ga magidanci zaune a rumfar mai abinci da rana tsaka, kafin la'asar an fara tambaya ko maiɗakinsa ta yi yaji. Shi ya sa wani zai gwammace ya hau babur ya tafi Rano ko Kibiya ya ci a inda idon sani ya yi ƙaranci. Marubucin da ya nuna mana dattijo yana waige-waige kafin ya shige bayan labulen mai tuwo, ya riga ya gaya mana halin da gidansa ke ciki, ba sai ya ɓata shafi uku yana bayani ba.

ABIN DA KE SHIRIN ƁACEWA

Kakata ta wajen uwa daddawa take yi. Tun ina ƙarami na san warin ɗakinta, har abokai na tsokanata da shi. Sai bayan abin da ya faru a ƙungiya na je na zauna na ce, "Inna, yaya ake yin ta?" Ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, me za ka yi da sanin daddawa?" Da ta ga da gaske nake, ta fara. A samo kalwa daga ɗorawa, a dafa ta wuni guda ana ƙara ruwa da itace. A sauke a surfa, a kai a wanke har ɓawon ya fita. A sake dafawa, a tsane, a zuba a masaki a lulluɓe, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. Sannan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya. Ta ce hancinta ne ke gaya mata ranar buɗewa, in aka yi gaggawa ba ta yi ba, in aka makara ta wuce. Ta kuma gaya mini bambancinta da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa.

Jikokinta mun haura ashirin. Babu ko ɗaya da ya iya. Itatuwan ɗorawa na raguwa a gonaki, matan gari da yawa sun koma ɗan dunƙulen kanti don ya fi sauƙi, ita kuma ƙarfinta ya fara ƙarewa. Ranar da ta bar duniya, Allah Ya sa da sauran nisa, wannan hancin zai tafi da ita. Ba na cewa labari zai hana sana'a mutuwa. Amma abin da aka rubuta yana da inda za a same shi. Ku duba ƙamusun Bargery na 1934, ku ga yawan sunayen dawa da gero da nau'o'in abinci da ke ciki waɗanda yau ba ma jin su ko a bakin tsofaffi. Ku duba labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, ku ga yadda abin da ake dafawa ranar suna da ranar biki ya tsira saboda wata ta zauna ta saurari tsohuwa. Baƙi ne suka yi mana wancan. Na yanzu kuma wa muke jira?

INDA ZA A IYA KAMA NI

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojin nasu na da ƙarfi, don haka bari in tare su tun kafin su iso.

Na farko za a ce mai karatu mafarki yake saye. Wadda ta wuni tana fama da icen girki ba ta buɗe waya don ta sake ganin hayaƙi ba, so take ta ga inda ba ta taɓa zuwa ba. Na yarda, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai jimlar nan tawa ta "abinci na alfarma kala-kala" ba ta kai kowa ko'ina ba. Mafarkin da ba shi da ɗanɗano ba ya zama a rai. In za ka kai jarumarka Faransa, kai ta da gaske: ka yi bincike, ka san abin da za a ajiye mata, ka bar ta ta ɗaga cokali ta ji ƙarnin teku ta tuna da miyar gidansu, ta rasa yadda za ta tambayi ko naman halal ne. Sannan wa ya ce alfarma ba ta cikin namu? Wanda ya taɓa ganin garar amarya, da alkaki da nakiya da dubulan jere a fanteka, ko ya ci funkaso da miyar taushe da ta ji kabewa da tantaƙwashi ranar sallah, ya san muna da abincin sarauta.

Na biyu za a ce shawarma ai ta zama 'yar gida, ko a Zoo Road ka tsaya da daddare za ka gani. Haka ne, kuma ba ni da faɗa da ita. Gurasar da muke tinƙaho da ita ma daga Larabawa muka samo ta, har sunan. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, sun shigo ne a 'yan ƙarnonin nan, yau ga shi babu miyar da za ta yi ba su. Tukunyar Bahaushe ta saba karɓar baƙo ta mai da shi ɗan gari. Rubuta shawarma, rubuta indomi da ƙwai a teburin mai shayi. Abin da nake ƙi shi ne a mai da na waje ma'aunin daraja, na gida kuma ma'aunin ƙasƙanci.

Na uku, kuma wannan ni na kawo wa kaina: labarin buyabes na da ɗaci a ƙarshensa. Romon da masunci ya ƙirƙira don ba shi da zaɓi, yau mai ƙaramin ƙarfi a garin ba ya iya zama ya saye shi a manyan wuraren. Suna ya tafi sama, masu shi na ƙasa. Mu ma muna ganin alamar haka: zogalen da ake yi wa kallon abincin fari, da aka ce magani ne sai ga shi a gwangwani da tsada, ita kuwa mai tsinko shi tana nan inda take. Don haka in za mu ɗaga abincinmu, mu ɗaga shi tare da hannun da ke yin sa. Kada mu rubuta fura mu manta da wadda ta taso tun asuba daga ruga da ƙwarya a ka.

YADDA ZA A SA SHI A LABARI

Kada kuma a fahimce ni a koma cika shafi da jerin sunayen abinci. Labari ba littafin koyon girki ba ne. Abinci in ya shigo, ya shigo da aiki. Ga misali, maimakon ka rubuta cewa matar tana da adalci ko ba ta da shi, gwada irin wannan:

Da ta ɗaga murfin tukunya ta ga yanka huɗu ne. Ta sa biyu a kwanon maigida, ɗaya a na surukarta, ta tsaya da ludayi a hannu tana duban na huɗun. Ɗanta na tsugune a bakin murhu yana lasar leɓe. Ɗan marigayiya kishiyarta kuma na can jikin rumbu, ya juya baya kamar bai san an sauke miya ba.

Duk inda yankan nan ya faɗa, mai karatu ya san wace ce ita, kuma ba zai manta ba.

Abinci na faɗin lokaci. In jarumi na cin tumu, kaka ta yi. In ana kwaɗon tafasa da rama safe da yamma, damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa. In ana miya da kauɗa, ɗanyen tumatir ya yi tsada. In kunun tsamiya da ƙosai suka fito tare da faɗuwar rana, ba sai ka ce azumi ake ba. Abinci na faɗin matsayi: wa ake fara zuba wa, wa ke cin ɗumame, wa ke kankare ƙanzo. Yana faɗin soyayya da fushi: miji ya dawo ya tarar an rufe masa kwano da sabon faifai, ko ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi alhali kowa ya san bai ci komai ba. Yana faɗin gari: mutumin da ya ce masa da wanda ya ce waina sun riga sun gaya maka inda suka fito.

AIKIN WANNAN MAKO

Ga abin da nake roƙo, ni ma zan yi. Kowa ya zaɓi abinci ɗaya na garinsu. Ya je wurin mai yin sa, ko a gida ko a kasuwa. In na sayarwa ne, ya saya da kuɗinsa tukuna, kada a je a tsare mai sana'a da tambaya tana tsaka da ciniki. Ya nemi izini, ya tambayi sunan kowane mataki da kowane kayan aiki, daga madambaci zuwa maburgi zuwa muciya, ya rubuta yadda ta faɗa da bakinta, kada ya gyara mata Hausa. Sannan ya rubuta fitowa ɗaya, kalma 300 ta isa, inda mutum biyu ke da matsala a tsakaninsu kuma abincin nan na gabansu. Sharaɗi ɗaya ne: an hana amfani da "mai rai da lafiya", "kala-kala" da "na alfarma".

Ni dai na koma kan labarina. Na fasa kai su Faransa. Motar ta lalace a Tarai, ɗan attajirin na tsaye yana duban benci yana tunanin farar shaddarsa, amaryar kuwa har ta wanke hannu. Ban san yadda zai ƙare ba tukuna, amma wannan karon in Baba ya tambaye ni me suka ci, sai ya gaji da ji.

Inda na yi daidai Allah Ya amfanar da mu, inda na kuskure ina jiran gyaranku, don na gaba da ni a wannan zaure suna da yawa. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya ja kwanan iyayenmu da kakanninmu.

Naku, ɗan uwanku daga Tarai.